Tambayar likita, amsar kotu: binciken shaye-shaye da ƙanjamau a tsakanin 'yan ci-ranin Latin Amurka

A takardun tambayoyin da masu binciken lafiya ke yawo da su a Amurka, akwai wata tambaya da ba kasafai ake rasa ta ba: a 'yan watannin nan ka sha hodar ibilis ko wiwi, ko ka yi wa kanka allurar wata ƙwaya? Idan ɗan ƙasa aka yi wa ita, zai ɗan sosa ƙeya ya amsa. Idan kuwa ɗan ci-rani ne daga Honduras ko Meksiko, amsar "e" tana iya zama sanadin ƙarshen zamansa a ƙasar, muddin ta faɗa hannun da bai dace ba. Dokar shige da fice ta Amurka ta sa mai ta'ammali da ƙwaya da wanda jarabarta ta kama cikin waɗanda ba a ba su izinin shiga, ta kuma sa su cikin waɗanda ake iya tasa ƙeyarsu. Ba lallai sai kotu ta kama mutum da laifi ba. Ya amsa da bakinsa a gaban jami'i cewa ya karya dokar ƙwaya, wannan kaɗai na iya hana shi katin zama na dindindin. Har wiwin da jihohi irin su Kalifoniya da Kolorado suka bari ana sayarwa a shago, dokar tarayya ba ta sake ta ba, kuma dokar tarayya ce ke yanke wa baƙo hukunci.

Ƙanjamau ma da nasa tabon. Daga 1987 har zuwa 4 ga Janairun 2010, Amurka ta hana mai ɗauke da ƙwayar HIV shigowa ko samun izinin zama, kuma gwajin jinin yana cikin abin da likita ke yi wa mai neman katin. Shekara 22 ana haka. An soke dokar, amma labarin sokewa bai kai lungunan da labarin haramcin ya kai ba, kuma har yau ana samun mai cewa gara kada ya sani.

To me ya hana masu bincike su ƙyale waɗannan mutane su huta? Alƙaluma ne suka hana. Ƙidayar 2020 ta nuna mutane miliyan 62 a Amurka asalinsu Latin Amurka ne, wajen kashi 19 cikin 100 na jama'ar ƙasar. Amma a 2022, kusan ɗaya cikin kowane mutum uku da aka gano yana ɗauke da HIV daga cikinsu yake, bisa lissafin hukumar yaƙi da cututtuka ta CDC, mafi yawansu maza masu neman maza. A shekarun da sababbin kamuwa ke raguwa a faɗin ƙasar, a wajensu adadin ya ƙi sauka. Maganin riga-kafin da ake kira PrEP yana kasuwa tun 2012, amma bai kai gare su gwargwadon buƙatarsu ba, kuma da yawa ba a gano cutar a jikinsu sai ta ci ƙarfin garkuwa.

Sai dai miliyan 62 ɗin nan ba jama'a ɗaya ba ce. Wajen kashi ɗaya cikin uku ne kawai aka haifa a ƙasashen waje. Ɗan Puwato Riko ɗan ƙasa ne tun dokar 1917, ba ya tsoron jami'in shige da fice. Ɗan Kuba da ya shekara 40 a Mayami, da matashin da ya keto dajin Dariyen, wanda ke tsakanin Kolombiya da Panama, daga Benezuwela a 2022, da mai tsinkar 'ya'yan itace a gonakin Kalifoniya wanda yaren Mishteko ya tashi da shi, Sifaniyanci kuwa tsintarsa ya yi, duk layi ɗaya aka jera su a rahoto. Wanda ya fi sauƙin samu shi ne mai adireshi da inshorar lafiya da lambar wayar da ba ta sauyawa. Shi ke cika takarda, shi ake lissafawa, sannan a ɗauki amsarsa a ce ta kowa ce.

Akwai wani abin mamaki da masana suka daɗe suna gani. A 1998 William Vega da abokan aikinsa suka buga sakamakon binciken da suka yi a kan mutane wajen 3,000 'yan asalin Meksiko a yankin Fresno na Kalifoniya. Sun tarar sababbin zuwa sun fi waɗanda suka daɗe lafiyar ƙwaƙwalwa da ƙarancin shaye-shaye, waɗanda suka daɗe kuma sun fi waɗanda aka haifa a Amurka. Binciken ƙasa baki ɗaya da Margarita Alegría ta jagoranta daga baya ya ga makamancin haka. Wato yawanci ba da jarabar mutum ke shigowa ba, a can yake ɗaukarta. A ganina akwai gaskiya mai yawa a wannan, amma kada a manta cewa sabon zuwa shi ne ya fi kowa dalilin yin shiru. Wani ɓangare na tazarar lafiya ne, wani ɓangaren tsoro ne, kuma takardar tambaya ba ta iya raba su.

Yadda ake ɗaukar jarabar ya fito fili a New Orleans bayan guguwar Katrina ta Agustan 2005. Dubban maza, da yawansu 'yan Honduras, suka kwararo aikin kwashe ɓaraguzai da rufin gidaje. Ba mata, ba iyaye, ba wanda za a ji kunyarsa. Ana kwana cunkushe a ɗaki guda, ana biyan su kuɗi hannu da hannu, ba su da asusun banki, don haka ɓarayi suka san aljihunsu a cike yake ranar Juma'a, suka kuma san ba za su kai ƙara wurin 'yan sanda ba. Avelardo Valdez da Alice Cepeda sun zauna da waɗannan leburori, suka tarar da yawa daga masu zuƙar dunƙulen hodar ibilis a cikinsu a New Orleans suka fara ɗanɗana ta. Patricia Kissinger ta Jami'ar Tulane ta bi wani rukuninsu, ta ga giya fiye da kima da zuwa wurin mata masu zaman kansu sun zama ruwan dare. Haɗarin kuma ba ya tsayawa a Amurka. Jennifer Hirsch, wadda ta yi aiki tsakanin ƙauyukan jihar Halisko ta Meksiko da birnin Atlanta na Amurka, ta nuna yadda matar da aka bari a gida ba ta iya cewa mijin da ya dawo hutu ya sa kwaroron roba, domin faɗin hakan tamkar tuhumarsa ce.

Yanzu a dubi wurin da mai bincike zai same su. Ƙarfe shida na safe, bakin filin ajiye motocin wani katafaren shagon kayan gini. Maza tsaye jefi-jefi, hula a ka, kofin shayi ko gahawa a hannu, takalma duk fenti. Idon kowa a kan titi yake. Akori-kura ta rage gudu, ɗan kwangila ya ɗaga yatsa uku, kafin ka ƙifta ido mutum goma sun kewaye tagar, uku sun haye baya. Wanda ya tsaya sauraron wata mata mai katin jami'a a wuya da allon rubutu a hannu, ya yi asarar yinin. Ita kuma da mota mai tsabta da katin shaida da tambayar suna, kamanninta ba su da nisa da na waɗanda ake gudu. Idan ta san aikinta, ba za ta fito da takarda ranar farko ba. Za ta gaida dattijon wurin da "Don", kalmar girmamawa ta Sifaniyanci, kafin sunansa, ta dawo gobe, ta dawo jibi, ta zo wajen ƙarfe goma lokacin da motocin suka daina tsayawa, waɗanda ba su dace ba suna zaune a kan dakali. Wannan sintirin yakan ci watanni, kuma hukumomin da ke ba da kuɗin bincike ba sa son biyan watannin da ba a cika ko takarda ɗaya ba.

Idan ana maganar rashin yarda, marubuta sukan garzaya tarihi, kuma tarihin da nauyi. Tsakanin 1946 da 1948, likitocin hukumar lafiya ta Amurka ƙarƙashin John Cutler sun sa wa mutane fiye da 1,300 a Guwatemala ƙwayoyin tunjere da ciwon sanyi da gangan: fursunoni, sojoji, masu taɓin hankali, mata masu zaman kansu. Ba a san da shi ba sai da masaniyar tarihi Susan Reverby ta tono takardun, Shugaba Obama ya nemi gafarar Shugaba Álvaro Colom a Oktoban 2010. A Puwato Riko aka gwada ƙwayar hana haihuwa a kan matan talakawa tun 1956. A Los Angeles mata goma 'yan asalin Meksiko sun kai ƙara cewa an juyar musu da mahaifa bayan an sa su sa hannu a takardar Turanci suna cikin naƙuda, a 1978 alƙali ya ba likitocin gaskiya. Mai karatu a Kano ba ya buƙatar dogon bayani a nan: gwajin Trovan na kamfanin Pfizer a kan yara 200 lokacin sanƙarau na 1996, da yadda inuwarsa ta bi allurar shan inna har 2003, sun isa misali.

Amma ban yarda cewa wannan tarihin ne ke rufe bakin leburan bakin titi ba. Da wuya ya taɓa jin sunan Cutler. Abin da ya sani shi ne ɗan ƙaninsa da aka tsayar saboda fitilar mota, aka wuce da shi gidan yari, daga can sai jirgi. Tun 1996 doka ta ba 'yan sandan ƙananan hukumomi damar haɗa hannu da jami'an shige da fice ƙarƙashin shirin 287(g). A 2018, da aka fara raɗe-raɗin cewa cin tallafin gwamnati zai hana mutum katin zama, cibiyar Urban Institute ta gano kusan ɗaya cikin manya bakwai a gidajen baƙi ya ƙaurace wa tallafin, alhali dokar ba ta ma fara aiki ba sai Fabrairun 2020. A Janairun 2025 aka soke ƙa'idar da ta hana kame a asibitoci da makarantu da wuraren ibada. A cikin shekarar kuma aka ji hukumar haraji ta ƙulla yarjejeniyar musayar bayanai da ICE, hukumar da ke kamawa da korar baƙin haure, aka ji an miƙa bayanan masu cin shirin Medicaid, inshorar lafiya ta gwamnati ga masu ƙaramin ƙarfi, ga ma'aikatar tsaron cikin gida. Mutumin da ya ji waɗannan a rediyon Sifaniyanci sannan ya ƙi ba da sunansa, lissafinsa daidai ne.

To wace kariya mai bincike ke da ita da zai nuna? Akwai takardar shaidar sirri da gwamnatin tarayya ke bayarwa, kuma abin sha'awa, saboda binciken ƙwaya aka ƙirƙiro ta a dokar 1970. An gwada ƙarfinta da wuri. Wani likita mai suna Robert Newman, shugaban shirin ba masu jarabar hiroyin maganin methadone a New York, ya ƙi miƙa hotunan majinyatansa ga masu binciken wani kisan kai, kuma a 1973 babbar kotun jihar ta ce yana da gaskiya. Tun Oktoban 2017 duk binciken da NIH, cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin tarayya, ta ba kuɗi, in dai ya ƙunshi bayanan da za a iya gane mutum da su, yana samun wannan kariya kai tsaye. Ta hana a tilasta wa mai bincike fito da suna ko da sammacin kotu ne.

Kariyar tana da iyaka, kuma wajibi ne a faɗa wa mutum iyakar. Tun 2008 kowace jiha tana buƙatar a kai wa ma'aikatar lafiyarta sunan wanda gwaji ya tabbatar yana da HIV. Bayanin sirri ne, ba a tura sunan ga CDC, amma dai an rubuta shi a ofishin gwamnati. Ga kuma abin da jami'ar kanta ke jawowa. Takardar amincewa shafi goma ce, lauyoyi suka tsara ta don kare jami'a, an juya ta zuwa Sifaniyancin da ko malamin makaranta sai ya karanta sau biyu, a ƙasanta ga layin sa hannu. Ofishin kuɗi kuma ya ce ba zai saki dala 30 ta ladan zama ba sai an rubuta lambar shaidar ɗan ƙasa ta mai karɓa, lambar da baƙon haure ba shi da ita. Dokar bincike ta yarda kwamitin ɗa'a ya yafe sa hannu idan takardar ce kaɗai za ta haɗa mutum da binciken kuma tonuwar asiri ce babbar barazana. Masu bincike da suka ƙware suna neman wannan yafewar, su karanta bayanin da baki, su karɓi amincewa da baki, su biya da tsabar kuɗi ko katin sayayya, kuma ko kaɗan ba sa tambayar ko mutum yana da takardu. Ni a nan nake ganin kariyar gaske take. Abin da ba a rubuta ba, babu sammaci ko sauyin gwamnati da zai fito da shi. Farashinsa shi ne binciken ba zai iya faɗin bambancin mai takarda da marar takarda ba, wanda kuwa yana cikin manyan abubuwan da ake son sani.

Hanyar da ta fi yaɗuwa wajen isa ga mutanen da ba su da rajista ita ce wadda Douglas Heckathorn ya bayyana a 1997, bayan aikinsa da masu allurar ƙwaya a jihar Connecticut. Ana fara da mutane kaɗan. Kowa in ya gama amsa tambayoyi a ba shi tikiti uku masu lamba ya ba abokansa, a biya shi ladan zama, a ƙara masa wani abu kan kowane abokin da ya zo. Daga lambobin tikitin ake zana wa ya kawo wa, a yi lissafin gyara. Da irin wannan hanya cibiyar CRUSADA ta Jami'ar Ƙasa da Ƙasa ta Fulorida, ƙarƙashin Mario De La Rosa, ta tara matasa fiye da 500 da ba su cika shekara da shigowa Mayami ba, ta tambaye su yadda shansu yake tun kafin su baro gida, ta ci gaba da bibiyarsu. Amfanin tikitin a bayyane yake: wanda ya miƙo maka shi ya riga ya shiga ɗakin ya fito lafiya. Aibinsa kuma, ɗan Kolombiya ɗan Kolombiya yake kawowa, sarƙar takan maƙale a unguwa guda. A Chicago, Greg Scott ya nuna a 2008 yadda tikitin kan zama haja a tsakanin masu allura, ana cinikinsa, ana koya wa wanda bai cancanta ba abin da zai faɗa.

Aikin da ya fi burge ni a Karolina ta Arewa aka yi shi, a ƙauyukan da masana'antun yanka kaji suka jawo dubban 'yan Meksiko da Amurka ta Tsakiya tun shekarun 1990. Scott Rhodes na Jami'ar Wake Forest da ƙungiyoyin yankin sun lura cewa wuri ɗaya da mazan ke taruwa da kansu, da shugabanni da jadawali, shi ne gasar ƙwallon ƙafa ta ƙarshen mako. Suka ɗauki ƙungiyoyi 30, rabi a cikin shirin, rabi don kwatantawa. Kowace ƙungiya ita ta zaɓi ɗan wasa guda daga cikinta, aka horar da shi kan HIV da kwaroron roba da inda ake gwaji, ya koma cikin abokansa. Bayan wata 18, wajen biyu cikin uku na 'yan ƙungiyoyin shirin sun ce sun yi gwaji, a ɗaya ɓangaren wajen biyu cikin biyar, kuma tazarar amfani da kwaroron roba ta yi kama da haka. Shirin, mai suna HoMBReS, ya shiga jerin waɗanda CDC ta amince da ingancinsu. Da ɗan gari akan ci gari. Sai dai filin ƙwallo ba wurin da namiji mai neman maza zai buɗe baki ba ne, kuma a nan cutar ta fi yawa, shi ya sa daga baya suka tsara musu nasu shirin daban.

Ɗan garin ma yana da nasa nauyin da ba a cika lissafawa ba. Matar da aka ɗauka don an san ta a coci da unguwa, mutuncinta ta jinginar wa jami'a. Idan kuɗin bincike ya ƙare, kamar yadda aka yanke tallafin ayyukan HIV da dama a 2025, farfesa ya koma ofis, ita ce za a tare a kasuwa a tambaye ta ina aka kai maganganun mutane. Kuma sanin da aka yi mata takobi ne mai kaifi biyu. Mutum zai biyo ta zuwa ɗakin, amma ba zai gaya mata abin da yake yi ranar Asabar da dare ba, tunda ta san matarsa. Saboda haka ake ba shi kwamfutar hannu da abin sa wa a kunne, murya ta karanta tambaya, ya danna amsa ba mai kallonsa. Wannan yana taimakon wanda karatunsa bai yi nisa ba, in dai muryar da yarensa take magana. Mai jin yaren Kiche ko Mam daga tsaunukan Guwatemala zai iya gyaɗa kai ga Sifaniyancin daga farko har ƙarshe, a rubuta cewa ya amince.

Mafi wuya shi ne riƙe mutum. Don a gane ko zaman Amurka ne ke sauya shan sa, sai an sake ganinsa baɗi da baɗin baɗaɗa. Shi kuwa aiki yake bi: lemu a Fulorida, taba a Karolina, gini duk inda guguwa ta yi ɓarna. Lambar wayarsa ta kati ce, in kuɗi ya ƙare ta mutu. Dabarar da aka sani ita ce a karɓi lambobin mutane uku ko huɗu da ba za su rasa inda yake ba, har da mahaifiyarsa a ƙauye, a riƙa gaisawa ta WhatsApp tsakanin zama da zama. Ka ga an dawo kan abin da aka guje wa, domin wannan jerin lambobin shi ne takarda mafi haɗari a duk binciken, kuma dole a ajiye shi nesa da amsoshin, a ƙona shi da zarar an gama.

Duk da haka wasu za su ɓace, kuma ba kowa ke ɓacewa daidai da kowa ba. Wanda giya ko ƙwaya ta fi kamawa shi ya fi yiwuwar faɗawa hannun 'yan sanda, shi kuma aka fi saurin tasa ƙeyarsa. A rahoton Amurka za a rubuta cewa ba a same shi ba, rukunin da ya rage ya fito da kyan gani fiye da gaskiyarsa. Steffanie Strathdee ta Jami'ar Kalifoniya a San Diego, tare da abokan aikinta na Meksiko, sun yi nasu binciken ta ɗaya gefen katangar iyaka, a birnin Tihuwana na Meksiko, inda korarru da dama ke kwana a magudanar ruwan da ta ratsa birnin. A sakamakon da suka buga a 2008, cikin maza masu allurar ƙwaya, waɗanda aka koro daga Amurka sun ninka sauran kusan sau huɗu wajen yiwuwar ɗauke da HIV.